Motar Fari Da Hatsarin Sauya Mata Ƙira

Sanin kowa ne cewa a ƙasar nan ma'aikacin Gwamnati ba ya ganin ya zauna da gindinsa sai ranar da ya ajiye mota a ƙofar gidansa. Malamin makaranta a Jabo, da ma'aikacin asibiti a Tambuwal, da malamin gona da aka tura Kebbe, duk burinsu ɗaya ne, haka nan ɗalibin da ke shirin fita daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Wannan buri ba abin zargi ba ne. Duk wanda matarsa ta taɓa fara naƙuda da tsakar dare a ƙauye, asibiti kuwa yana nesa, ba ya bukatar a gaya masa amfanin mota. Abin da ke bukatar tunani shi ne irin motar da za a fara da ita, da kuma abin da za a yi mata bayan an saya, domin a nan ne mutane da yawa ke rasa dukiyarsu, wasu har da rayukansu.

Idan ba a manta ba, an yi zamanin da motar fari ta ma'aikaci sabuwa ce fil. A shekarar 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji tare da ariyas, a cikin shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, na Volkswagen kuma ya fara a Ikko. Gwamnati tana ba da rancen mota ana cirewa daga albashi sannu a hankali, kuma har zuwa 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Shi ya sa matsakaicin ma'aikaci yake iya hawa 504 ko 'yar ƙunƙuru wadda babu wanda ya taɓa zama a kujerarta kafin shi. Wannan zamani ya fara gushewa daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira. Tun daga nan kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, da yawansu kuma a da ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke biyowa.

Sai kuma ga shekarar 2023. A ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Da yake da dala ake sayo tokumbo, ita ma ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya rage masa shi ne motar da ta riga ta sha hanyoyin Nijeriya a hannun mutum biyu ko uku, mai shekara ashirin ko fiye. Wannan ita ce gaskiyar motar fari a yau, kuma a kanta ya kamata a gina shawara.

Kafin a je wurin dillali, ya kamata a zauna da alƙalami da takarda. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, zuwa da dawowa 200 ke nan. Tsohuwar motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 20 a wannan tafiya, idan kuwa aka ƙaddara lita a kan naira 900, an kashe naira 18,000, wato fiye da rubu'in wancan albashi a tafiya ɗaya tak. Ba a yi maganar baƙin mai ba, ko taya, ko batir, ko sabunta takardu, ko inshorar dole wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a watan Janairun 2023. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kuɗin saye, bai rage ko kwabo na gyara ba, motarsa za ta ƙare a gindin darbejiya bisa duwatsu, akuyoyi suna kwana a ƙarƙashinta. Idan lissafi bai fita ba, babu kunya a ci gaba da babur har Allah Ya hore. Daidai ruwa daidai tsaki.

Idan lissafi ya fita, to a sayi irin motar da kanikawan Tambuwal da Jega suka saba da ita, wadda kayan gyaranta ke samuwa a Sakkwato ba sai an aika Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba. Mota mai ƙyalli wadda kwamfutarta sai a Abuja ake iya karantawa kaya ce a wuyan mutumin Jabo. A tafi da bakanike amintacce wanda ba shi da kamasho a cinikin, a duba ƙarƙashin motar ko an taɓa yi wa ƙashin bayanta walda, a tayar da inji da safe yana sanyi a ga irin hayaƙin da yake fitarwa. A gwada lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da abin da ke cikin takarda, a kuma tabbatar da takardar kwastan. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma ga Kamba ga Illela duk ba nisa, saboda haka motar da ta biyo ta daji ba ta da wuyar samu a wannan yanki. Araharta kuwa ba ta wuce ranar da jami'an kwastan suka tsayar da ita a hanya.

To, bayan an saya sai mashawarta su yi yawa. Wannan ya ce a cire kaza, wancan ya ce a ƙara kaza. A nan ne ya wajaba a rarrabe tsakanin gyara da sauya ƙira. Gyara shi ne mayar da mota yadda maƙeranta suka yi ta: burki ya kama, sitiyari ya daina rawa, lagireto ya daina yoyo, fitilu su kama. Sauya ƙira kuwa shi ne a ɗora mata abin da ba a auna ta da shi ba, ko a cire mata abin da aka sa don wani dalili. Kuɗin mai motar fari na gyara ne, kuma da wuya su ishe shi ma, balle a raba su da kwalliya.

A ɗauki misalin ƙarin sifirin. Ana ƙara wa mota ƙarfe a baya don ta ɗauki buhunan gero da albasa ranar kasuwa ba tare da ta durƙusa ba. Motar takan miƙe tsaye, mai ita ya yi murna. Amma burkin shi ne na da, gatarin ƙafa shi ne na da, tayoyin ma su ne na da, kuma kowace taya akwai iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta. Sifirin ya ɓoye nauyin daga ido kawai. Ranar da saniya ta ratso titi tsakanin Tambuwal da Jega, motar da aka yi wa lodin da ya ninka ƙa'ida ba za ta tsaya inda direba yake so ba.

Haka nan al'adar cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsakanin inji da lagireto. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, nan kuwa zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Aikin wannan bawul shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, sa'an nan ya buɗe. Idan aka cire shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da hunturu, kwamfutar mota kuwa sai ta riƙa ƙara mai, ga shan mai ga saurin cinyewar inji. Abin da ke sa mota zafi galibi shi ne lagireton da ya toshe saboda ruwan rijiya, ko murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa da ya gaji, ko fanka da ta mutu. Waɗannan ne ya kamata a gyara. Akwai kuma masu fasa salansa su cire matatar hayaƙi da kanikawa ke kira indomi. Mai mota ya sani cewa akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ake da masu sayenta, kuma ba kowane mai ba shi shawarar cirewa ne yake nufinsa da alheri ba.

Samari kuma abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne manyan ƙafafu masu siririyar taya, da fitilu masu kashe ido, da baƙin gilashi. Siririyar taya an yi ta ne don shimfiɗaɗɗen titi, ramin farko a hanyar burji ta ƙauyukan Kebbe zai iya fasa ta ya lanƙwasa ƙarfen. Fitilar da ta makantar da direban tirela mai tahowa ta jawo wa mai ita hatsarin da yake gudu. Baƙin gilashi kuwa tun 1991 akwai dokar da ta hana shi sai da izinin 'yan sanda. Wanda ya sauya inji ko launin fenti bai je an gyara takardu ba, ya mai da motarsa abin tuhuma, domin lambar inji da launi duk suna rubuce a takardar rajista. Da wannan kuɗi aka sayi tayoyi huɗu sababbi da ya fi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, ba ta jure zafin kwalta da rana tsaka.

Sauyin da ya fi ɗaukar hankalin ma'aikata tun bayan janye tallafi shi ne mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Babu shakka gas ya fi fetur araha, kuma sauyi ne da hukuma ta amince da shi. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, ana matsa wannan iska ne da ƙarfin da ya kai ma'aunin bar 200, alhali matsin da ke cikin tukunyar gas ta girki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin ta Jihar Edo, mutane suka jikkata, hukuma kuma ta bayyana cewa tukunyar haɗin 'yan walda ce ba wadda aka amince da ita ba. Saboda haka wannan aiki ba na garejin bakin titi ba ne. Na biyu, bututun gas da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta ta Kaduna a Kano aka tsara ya tsaya. Kafin mutumin Jabo ya biya kuɗin sauyi, ya fara sanin inda zai riƙa cika tukunyar, da nisan wurin daga gidansa, in ba haka ba zai ƙone a hanya abin da ya je tsimi.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa tsohuwar mota da komai. Farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin inji don kare shi daga duwatsu, da sabon lagireto mai kyau, da shakazoba mai ƙarfi irin wadda aka yi don wannan ƙirar motar, duk abubuwa ne da suka dace da hanyoyin karkara. Ma'aunin a bayyane yake: duk sauyin da ya shafi burki, ko sitiyari, ko nauyin da mota ke ɗauka, ko wutar lantarkinta, ko tankin mai, to ya shafi rayukan mutane, kuma ba a yinsa sai a hannun wanda ya ƙware, bisa yardar doka.

Hukumomi ma akwai nasu nauyin. Jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya kamata su mai da takardar shaidar lafiyar mota ta zama sakamakon dubawa ta haƙiƙa, su riƙa zuwa tashoshin mota na Tambuwal da Kebbe suna wayar da kan direbobi da kanikawa tun kafin a kai ga kamu. Gwamnatin Jiha da ƙungiyoyin ma'aikata su duba yadda za a farfaɗo da rancen abin hawa ta hanyar da ba ta da kuɗin ruwa, tun da yake akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ masu sayen kaya su sayar wa mutum da riba sananniya ya biya kashi-kashi. Makarantun koyon sana'a kuma su buɗe ƙofa ga kanikawan karkara su koyi aikin motocin zamani masu kwamfuta, domin yawancin cire-ciren da ake yi rashin sanin aikin abin ne ke kawo shi.

Daga ƙarshe, nauyin yana komawa kan mai saye. Ma'aikacin da ya yi shekara goma yana tara kuɗi, ko ya ci bashin da zai yi shekara uku yana biya, iyalinsa ne za su zauna a kujerar baya. Ya fara da burki da taya da takardu, ya bar motar a kan ƙirarta, ya ajiye wani abu a gefe saboda ranar lalacewa. Allah Ya tsare matafiya, Ya sa kowa ya sauka gidansa lafiya, amin.