Hawan Duwatsun Azbin Ba Aikin Banza Ba Ne

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga raƙuma, ya kuma ji sunan Azbin. Amma a ce masa wani ya ɗauki gora da sanda, ya kwana bakwai yana hawan duwatsun can don kallon namun daji kawai, sai ya yi dariya, ya ce aikin Nasara ne. Ba a ga laifinsa ba, domin daga Gumel har Sule Tankarkar rairayi ne shimfiɗe.

Sai dai maganar tana da gyara. A 1988 gwamnatin Nijar ta keɓe Azbin da Tenere don kare namun dajinsu, a 1992 kuwa UNESCO ta lasafta wurin cikin waɗanda ke cikin haɗari. Jiminar kwarurukan nan ta kusa ƙarewa a shekarun tawaye. Mariri ma a 2000 aka bayyana ya ƙare a daji, sai a 2016 aka sake sakinsa a Chadi.

To, ɗalibin Hausa yakan haddace waɗannan sunaye, ya ci jarrabawa da su, alhali ko ƙahon mariri bai taɓa gani ba. In hanya ta yi lafiya, ya kamata Sashe ya kai ɗalibai tsaunin Bagzan, wanda ya zarce mita 2,000, su taka da ƙafa bayan jagora Ba'azbine, su tambayi tsofaffin makiyaya inda kowace dabba take shan ruwa a da.