RA'AYINMU: Wa Zai Riƙe Su Bayan Ran Iyayensu?

Jama'a, akwai maganar da ke hana iyaye da yawa barci a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, amma ba a cika ta da ita a bainar jama'a ba. Watau maganar ɗan da aka haifa da raunin fahimta, ya girma har ya yi gemu, bai iya lissafin kuɗi ko shiga mota shi kaɗai ba. Wannan ba taɓin hankali ba ne, kuma ba ciwo ne da ake warkarwa a asibiti ba. A gida Arewa dangi kan rufa asiri. To, a nan Kudu fa, inda magidanci ke haya a ɗaki ɗaya, 'yan'uwa kuwa suna can nesa?

Ingila ta daɗe tana fama da wannan matsala. Da can asibitoci ake tara irin waɗannan bayin Allah, su ƙare rayuwarsu a kulle. Binciken da aka yi a asibitin Ely na birnin Kadif a 1969 ya tona irin wulaƙancin da ake yi musu, amma sai a 2009 aka rufe na ƙarshe daga cikin tsofaffin asibitocin nan a Ingila. Abin da ya maye gurbinsu shi ne zaman gida tare da mataimaki. Mutum yakan kama haya da sunansa, shi kaɗai ko da abokan zama biyu ko uku. Gwamnati ta taimaka da kuɗin haya, ƙaramar hukuma ta biya ma'aikacin da zai riƙa zuwa yana koya masa girki da cefane da shan magani a kan kari. Wani sa'o'i kaɗan a mako sun ishe shi, wani sai dare da rana. Hikimar abin ita ce an raba mai gida da mai kula. Idan mai kula ya yi sakaci sai a sauya shi, mutum yana nan a ɗakinsa.

Kada a ɗauka aiki ya kammala a can. A 2011 gidan talabijin na BBC ya nuna yadda ake dukan marasa ƙarfi a asibitin Winterbourne View kusa da Biristol, aka hukunta ma'aikata 11. A 2024 ma kimanin mutum 2,000 ne ke tsare a asibitoci.

Mu a nan ba doka muka rasa ba. Jihar Ikko ta kafa dokar naƙasassu tun 2011, Shugaba Buhari ya sa hannu a ta tarayya a Janairun 2019. Sai dai idan aka ce naƙasa, hankalin hukuma kan tafi ga keken guragu da sandar makafi, a manta da wanda naƙasarsa ba ta bayyana a jiki.

Lalle ba mu da aljihun Ingila, amma dabarar ba ta fi ƙarfinmu ba. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Ikko ta ware 'yan ɗakuna a gidajen da take ginawa domin irin wannan zama. Sarakunan Hausawa da limamai kuma su fara ƙidaya waɗanda ke unguwanninsu, a san sunan kowa da mai riƙonsa, a nemi ɗaki kusa da masallaci, a yanka wa mai kula albashi daga asusun jama'a. Kuma a tambayi shi mai zaman inda yake so da wanda yake so ya zauna da shi, domin yawancinsu suna iya faɗi.