Malfar Wudil da Malfar Kaboyi

Duk ranar Juma'a, kafin rana ta take, kasuwar shanu ta Wudil kan cika da malfa. Makiyayi da dillali da mai jan akala, kowa na ƙarƙashin inuwar da aka saƙa da kaba, wata an yi mata ado da jar fata. Amma ma'aikacin da ya ratso garin cikin motarsa kallon kayan ƙauyanci yake yi mata, alhali shi ne zai ga hular kaboyi a fim ya ce ta yi kyau.

Aikinsu ɗaya ne. Hular da John Stetson ya fara ƙerawa a Amurka a 1865 ta masu bin shanu cikin rana ce. Bambancin kawai, Amurkawa sun ɗauki tasu tarihi. Can akwai dattawan da ke tara irin waɗannan huluna, da lofe na shan taba, har da 'yan ƙananan jiragen ƙasa na wasa, suna sanin shekarar kowanne da maƙerinsa. Wani zai ce aikin marasa abin yi ne. To, amma ta haka sunan mai sana'a ke tsira.

Mai saƙar malfa kuwa ba a san sunansa ba, kuma ɗansa ya fi son acaɓa. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a cikin Wudil ɗin. Ya kamata ta tattara samfuran saƙar, ta rubuta sunayen masaƙan da garuruwansu tun suna raye.