Ɗalibin Da Bai Taɓa Zama Gaban Kwamfuta Ba Sai Ranar Jarrabawa

 A wannan mako za mu ɗan jingine bayanin hukunce-hukuncen ciniki da muka faro, saboda wani al'amari da ya tsaya mana a rai tun lokacin jarrabawar shiga jami'a da ta wuce.

Akwai wani yaro cikin ɗalibanmu, ɗan ƙauye, wanda ya haddace Alƙur'ani, ya sauke Risala da Ajurumiyya, sa'an nan ya gama sakandare a wata makarantar Arabiyya, burinsa duka ya karanta Shari'a a jami'a. Da ya dawo daga jarrabawa muka gan shi jiki a sanyaye, muka tambaye shi ko tambayoyin ne suka yi tsauri. Ya ce a'a, Malam, yawancinsu ya san amsarsu, amma wajen neman yadda zai bar shafin Turanci ya koma na Larabci ya ɓata lokaci mai yawa, ga agogo yana gudu a saman gilashin, ga kunya ta hana shi ɗaga hannu ya tambaya domin ya ga na kusa da shi suna ta danne-danne ba gargada. Ashe ran nan ne ya fara zama gaban kwamfuta a rayuwarsa. Mu da muka karantar da shi ba mu taɓa tambayarsa ba, kuma wannan laifinmu ne, ba za mu ɗora wa kowa ba.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar da kowane ɗalibi zai bi kafin ya shiga jami'a a Nijeriya, ko da kuwa Larabci ko Addinin Musulunci ko Hausa zai karanta a Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Ɗanfodiyo. A 2013 ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta, a 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu, watau daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. To, wanda ya yi asarar minti goma sha biyar yana laluben na'ura ya yi asarar lokacin tambayoyi fiye da ashirin, tun bai nuna abin da ya sani ba.

Ba muna zargin hukumar ba ne a kan wannan canji. Duk wanda ya ga irin satar amsa da cinikin takardun tambaya da ake yi a zamanin takarda ya san an samu sauƙi, kuma sakamako yana fitowa da wuri. Ta kuma yi ƙoƙarin sassautawa a zamanin Farfesa Is'haƙ Oloyede, wanda ya karɓi shugabancinta a 2016, shi kansa kuwa malamin Addinin Musulunci ne. An shirya yadda ɗalibi zai amsa da 'yan harrufa kaɗan a kan madannai ba sai ya riƙe linzamin kwamfuta ba, an kuma kawo jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Amma wa ya gaya wa ɗan ƙauye wannan? Jarrabawar gwajin ma sai da kuɗi da kuɗin mota. Na'urar kanta kuma ba ma'asuma ba ce, domin a 2025 kuskuren na'urori ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar ya fito ya nemi gafara da hawaye, aka sake musu jarrabawa. Waɗannan an ga kuskurensu an gyara. Wanda hannunsa ya rawa a kan madannai kuwa, ba wanda zai ƙidaya shi, sai dai a ce bai yi karatu ba.

A nan ne abin ya shafi wannan fili namu. Jarrabawa ma'auni ce, kuma malamai sun yi dogon bayani a kan wajabcin daidaita ma'auni. Idan aka auna yara biyu da mudu ɗaya, alhali ɗaya ya girma da kwamfuta a ɗakin ubansa, ɗayan kuwa bai taɓa taɓa ta ba, to, mudun ɗaya ne a ido, amma abin da aka auna ya bambanta. Al'amarin kuwa ƙaruwa yake yi. A 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje da kwamfuta. A 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata zuwa 2030 saboda makarantun karkara ba su shirya ba. Ko a jinkirta ko kada a jinkirta, an riga an ga inda aka dosa.

Mun san akwai dattawa, waɗansunsu abokanmu ne, masu ganin cewa wannan na'ura ba ta kawo komai sai shagala da lalacewar tarbiyya. Tsoronsu yana da dalili, ba mu raina shi ba. Sai dai muna tuna musu ƙa'idar da su suka karantar da mu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. In muna son alƙalai da likitoci mata da malaman Larabci daga cikin 'ya'yanmu, ƙofar kuwa ta zama kwamfuta, to, koyar da ita ya shiga cikin aikin. Tarihi ma ya isa wa'azi. Turawa sun fara buga littattafai da inji wajen 1450, amma sai a 1727 aka ba Ibrahim Mutafarriƙa izinin kafa maɗaba'a a Santambul, shi ma da sharaɗin kada ya buga littattafan addini. Yau ga shi kusan duk littafin da ke cikin ɗakunanmu bugun inji ne, ba mai ganin aibinsa. Mu kanmu da ke wannan rubutu, mas'alar da a da sai mun kwana uku muna juya mujalladai, yanzu cikin Maktaba Shamila muke samo ta kafin shayi ya huce, ko da yake har gobe ba mu yarda mu kafa hujja da ita ba sai mun koma ga bugaggen littafi, saboda kurakuran masu shigarwa.

Waɗansu kuma suna cewa ai kowane yaro yana da waya. Ba kowane ba, musamman 'ya'ya mata. Wanda yake da ita ma, shafa gilashi da ɗan yatsa daban, zama a rubuta amsa da madannai daban.

Amma a kula, kada a zaci maganin shi ne wani mai neman ƙuri'a ya sauke kwalaye a harabar makaranta a ɗauki hoto. An gwada wannan a duniya. A 2005 wani Ba'amurke mai suna Nicholas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro 'yar kwamfuta mai araha, har aka gwada ta a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba wa yaran karkara, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, lissafinsu da karatunsu kuwa ba su ƙaru ba, domin ba a shirya malamai yadda ya kamata ba. Mu ma mun taɓa shiga wata makaranta aka buɗe mana ɗaki, muka tarar da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da ƙyalle, ƙura ta yi musu rawani. Babu wuta, babu kuɗin man janareta, malamin da ya iya ya tafi, shugaban makaranta kuma yana tsoron kada yara su lalata a tuhume shi. Tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, ga inda muke.

Abin da muke gani zai yiwu, ba tare da jiran kowa ba, shi ne makarantun Islamiyya da na Arabiyya na unguwa ɗaya ko gunduma ɗaya su haɗa kai su yi ɗaki guda. Kwamfuta ashirin, ko da na hannu ne, da farantan sola da batir, da malami ɗaya wanda za a riƙa biyansa albashi na sosai domin kada ya gudu. A raba kwanaki, a ware wa 'yan mata nasu lokaci da malama, a fara da 'yan ajin ƙarshe, kowane ɗalibi ya zauna ya yi jarrabawar gwaji da agogo sau da yawa kafin ranar. Malaman makarantun su ma su zauna su koya, kada girman kai ya hana. Masu hali da ke tambayarmu inda za su sa waƙafi, ga wuri. Mun ga unguwar da masallatan Juma'a biyu ke kallon juna, ana kuma tara kuɗin na uku, alhali babu ɗakin da yaro zai koyi abin da za a jarraba shi da shi. Wanda zai yi waƙafin kuma ya haɗa da abin da zai riƙa kawo kuɗin gyara da canjin batir, kamar shago ko gona, domin nan ne irin waɗannan ayyuka suke mutuwa.

Shi kuwa yaron namu, wani maƙwabci ya ba shi aron kwamfutarsa, yana zuwa kullum bayan La'asar yana koyo, zai sake zama a shekara mai zuwa in Allah Ya kai mu. Shekara guda dai ta tafi, da kuɗin da mahaifinsa ya sayar da akuya ya biya. Mako mai zuwa za mu koma kan sharuɗɗan ciniki daga inda muka tsaya.