'Yar Tsana da Allura: Wa Ya Ce Wasan Miller Ba Namu Ba Ne?

A taron ƙungiya da ya wuce, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wai ɓata lokaci ne ɗalibin Hausa ya zauna karanta The Crucible na Arthur Miller, tun da wasan Amurkawa ne a kan rigimar Amurkawa, alhali kuwa ga Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu ba mu gama da su ba. Aka yi ta tafa masa. Ni dai ban tafa ba.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Malamanmu, ku gafarce ni, da hannunku a ciki. Sai a hau allo a jera mana: 'yar tsana alamar kaza ce, daji alamar Shaiɗan ne, wasan ɗungurungum kuma alamar Sanata McCarthy ne. Mu haddace, mu zuba a jarrabawa, mu manta. Wanda aka ba wasa a haka, ina laifinsa in ya ɗauke shi kayan aro?

Gaskiya ne an fara nuna wasan a 1953, lokacin da ake farautar 'yan kwaminis a Amurka, har shi Miller aka kira shi gaban kwamitin majalisa a 1956 aka nemi ya faɗi sunayen wasu, ya ƙi. Labarin kuwa ya ɗauko shi ne daga garin Salem, inda a 1692 aka rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya cika. To, McCarthy ya mutu tun 1957. Zargin maita fa, ya mutu?

Ni mutumin ƙasar Kankiya ne. Wata damina ina firamare, a wani ƙauye tsakaninmu da Kusada, zazzaɓi mai zafi ya kama wata yarinya har ta fara sambatu. Cikin sambatun ta ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda mijinta ya rasu, ɗanta kuma ya tafi cin rani bai dawo ba. Kafin la'asar an jawo ta tsakar gidan, an ce sai ta tsallaka yarinyar ta sakar mata kurwa. Ku dubi tarkon da kyau, jama'a. In ta tsallaka, ta amsa ke nan ita mayya ce. In ta ƙi, an ce ta riƙe kurwar da gangan. In yarinya ta warke, tsallakar ce ta yi aiki. In ta mutu, an makara ne. Babu ƙofar da za ta bi ta fita da mutuncinta. Ta tsallaka tana kuka. Washegari aka kai yarinyar asibiti a Kankiya, aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, ta miƙe, amma ba wanda ya sake sayen daddawar tsohuwar nan.

Wannan tarkon shi ne zuciyar wasan Miller. A kotun Danforth, wanda ya amsa laifin da bai yi ba ya tsira da ransa, wanda ya tsaya a kan gaskiya igiya ce rabonsa. Sa'an nan a dubi waɗanda aka fara kamawa: Tituba baiwa ce 'yar Barbados, Sarah Good kuwa mabaraciya. Ko a can daga marar gata ake farawa, sai wuta ta kama sosai kana ta lashi irin su Rebecca Nurse da gari duka ke girmamawa.

Yanzu mu koma ga 'yar tsanar da ake sa mu haddace. Mary Warren ce ta ɗinka ta a zaune cikin kotu, ta soke allurarta a jiki don kada ta ɓata, ta kawo wa uwar ɗakinta Elizabeth kyauta. Abigail ta gani, ta soka wa kanta allura a ciki, ta ce Elizabeth ce. Abin wasan yara ya zama shaidar kisa. Ma'anar ba a jikin tsumman take ba, tana cikin idon wanda ya riga ya yanke hukunci. Haka ƙullin daddawa yake komawa sammu ranar da aka ga dama. Kuma me ya tura Abigail? Mijin Elizabeth take so. Kishi ke nan tsirara, wanda kowace 'yar Hausa ta san sunansa. Putnam shi ma, Corey ya zarge shi da cewa gonar maƙwabcinsa yake hari. Kishi da gona! Wanne ne baƙo a Kusada?

Akwai wurin da na ke ganin mun fi ɗalibin Amurka fahimtar wasan. John Proctor ya sa hannu a takardar amsa laifi, da ya ji za a manna ta a ƙofar coci sai ya yage ta, ya zaɓi mutuwa saboda sunansa da na 'ya'yansa. Mai karatu a can yana iya cewa taurin kai ne. Mu kuwa da ake cewa maita a nono ake shan ta, mun san sunan nan ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Jikokin tsohuwar da na ba ku labari, sai da aka kai su wani gari kafin su sami mijin aure.

Ban zo yin gardama a kan ko akwai maita ko babu ba, wannan fagen malamai ne. Tambayata ita ce: da wace shaida? Sambatun mai zazzaɓi?

Saboda haka ga abin da na ke nema daga ƙungiya. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Shakespeare zuwa Daren Sha Biyu, ba wanda ya ce ya ci amanar Hausa. Mu ma mu fassara wannan a zangon karatu mai zuwa, mu bar Salem da sunayenta yadda suke, kada mu ƙara ko kalma ɗaya ta bayani, mu ɗauke shi daga ɗakin taro mu kai shi fili a Kankiya ranar kasuwa, mu ga ko akwai wanda zai tambaye mu wane ne McCarthy. Ɗan'uwan nan da aka tafa wa kuma, tun da yana da murya da iya yanke hukunci, na roƙa a ba shi Danforth.