Filifin: Darasin da haɗakar 1Sambayan ta bar wa 'yan adawa gabanin zaɓen 2028

A ranar 18 ga watan Maris na 2021, wasu tsofaffin manyan jami'an gwamnatin Filifin suka ƙaddamar da wata haɗaka mai suna 1Sambayan, wato "al'umma ɗaya". Burinsu shi ne su tsayar wa 'yan adawa ɗan takara ɗaya tal a zaɓen shugaban ƙasa na watan Mayun 2022.

Jagororin ba ƙananan mutane ba ne. Akwai Antonio Carpio, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, da Conchita Carpio-Morales wadda ta shugabanci ofishin binciken jami'an gwamnati, da Albert del Rosario, tsohon ministan harkokin waje. Abin da ya haɗa su shi ne adawa da Shugaba Rodrigo Duterte, musamman kan yaƙinsa da masu mu'amala da ƙwayoyi, wanda alƙaluman hukuma suka ce ya ci rayuka fiye da 6,000, da kuma yadda yake sassauta wa China a rikicin tekun da ke yammacin ƙasar.

Bayan wata 14, 'yar takarar da suka mara wa baya ta sha kaye da tazarar ƙuri'a sama da miliyan 16. Yanzu da zaɓen 2028 ke ƙaratowa, maganar haɗaka ta sake tasowa, kuma tambayoyin da 1Sambayan ta kasa amsawa suna nan daram.

Tsarin da ke hukunta rabuwar kai

Kundin tsarin mulkin Filifin na 1987 ya ba shugaban ƙasa wa'adi ɗaya na shekara shida. Babu zagaye na biyu, kuma babu sharaɗin samun wani kaso a yankuna kamar yadda ake yi a Najeriya. Duk wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ne shugaba. A 1992 Fidel Ramos ya hau mulki da ƙasa da kashi 24 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa.

Haka kuma ana zaɓen shugaba da mataimakinsa ne daban-daban. Shi ya sa Leni Robredo ta jam'iyyar Liberal ta zama mataimakiyar Duterte a 2016, alhali ita ce babbar mai sukarsa.

A irin wannan tsari, mutum biyu masu neman ƙuri'ar jama'a iri ɗaya suna iya miƙa wa na uku mulki. Hakan ya faru a 2016. Duterte ya samu ƙuri'a miliyan 16.6, yayin da Mar Roxas ya samu kusan miliyan 10, Grace Poe kuma miliyan 9.1. Da an haɗa ƙuri'un mutum biyun, sun zarce na Duterte.

Jam'iyyun ƙasar kuma ba su da ƙarfin da za su tilasta wa kowa janyewa. Mafi yawansu an gina su ne a kan gidajen siyasa da manyan mutane, kuma sauya sheƙa bayan zaɓe ya zama ruwan dare, har 'yan ƙasar na kiran masu yin haka "balimbing", sunan wani ɗan itace mai fuskoki da yawa.

Yadda 1Sambayan ta gaza

A ranar 12 ga watan Yunin 2021, ranar bikin samun 'yancin ƙasar, haɗakar ta fitar da sunayen mutum shida da za a zaɓi ɗan takara daga cikinsu. Ba a je ko'ina ba wasu daga cikinsu, ciki har da Sanata Grace Poe da Vilma Santos-Recto, suka ce ba da su ba.

Babbar matsalar ita ce waɗanda ke da jama'a a wajen Robredo ba sa cikin jerin. Manny Pacquiao, zakaran damben duniya kuma sanata, da Isko Moreno, magajin garin Manila, da Sanata Panfilo Lacson, kowannensu na da nasa shirin. Robredo ta tattauna da su, amma babu wanda ya yarda ya sauka. Pacquiao da Moreno sun taɓa kusantar gwamnatin Duterte, kuma ba sa son a liƙa musu tambarin jam'iyyar Liberal, wadda duka 'yan takara takwas na majalisar dattawa da ta mara wa baya suka faɗi a zaɓen 2019.

A ƙarshen watan Satumba 1Sambayan ta amince da Robredo. Ita kuma ta fito takara a ranar 7 ga Oktoba a matsayin mai zaman kanta, ta ajiye launin rawaya na jam'iyyarta ta ɗauki ruwan hoda. Tarukanta sun cika maƙil da matasa, 'yan sa-kai sun bi gida-gida. Duk da haka, a watan Afrilun 2022 Moreno ya fito a wani taron manema labarai yana cewa ita ce ya kamata ta janye.

A zaɓen ranar 9 ga Mayu, Ferdinand Marcos ƙarami, wanda aka fi sani da Bongbong, ya samu ƙuri'a miliyan 31.6, kusan kashi 59 cikin 100. Robredo ta samu miliyan 15, Pacquiao miliyan 3.7, Moreno miliyan 1.9, Lacson bai kai miliyan ɗaya ba.

Lissafin ya nuna wani abu da magoya bayan haɗakar ba su cika son ji ba. Ko da duka mutum huɗun sun dunƙule, kuma kowane mai zaɓensu ya bi su, da Marcos ya ci da tazarar kusan miliyan 10. Rabuwar kai ta yi musu illa, amma ba ita ta kayar da su ba.

Abin da ya kayar da su wata haɗakar ce da aka ƙulla a ɗaya ɓangaren. A watan Nuwamban 2021, Sara Duterte, 'yar shugaban ƙasa, wadda ta daɗe tana kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a, ta amince ta tsaya takarar mataimakiya tare da Marcos a ƙarƙashin ƙawancen UniTeam. Gidan Marcos ya kawo ƙuri'un arewacin tsibirin Luzon, gidan Duterte ya kawo na Mindanao da ke kudu da wani ɓangare na Visayas da ke tsakiya. 1Sambayan ta haɗa mutane masu ra'ayi ɗaya, waɗanda da ma ƙuri'arsu wuri ɗaya za ta je. UniTeam ta haɗa jama'ar yankuna biyu da ba su saba zaɓar mutum ɗaya ba.

Haɗakar da ta yi nasara

Duk lokacin da 'yan adawar Filifin suka yi maganar haɗin kai, shekarar 1986 suke tunawa. A ƙarshen 1985 Ferdinand Marcos babba, wanda ya shekara 20 a kan mulki, ya kira zaɓen gaggawa. Yana da dalilin yin haka, domin 'yan adawa sun rabu gida biyu.

Salvador Laurel yana riƙe da UNIDO, ƙawancen jam'iyyun adawa mafi tsari a lokacin, kuma ya daɗe yana shirin takara. Corazon Aquino ba ta taɓa riƙe muƙami ba, amma ita ce matar Sanata Benigno Aquino da aka harbe a filin jirgin saman Manila a watan Agustan 1983, kuma mutum sama da miliyan ɗaya sun sa hannu suna roƙon ta fito.

Tattaunawa ta wargaje, har Laurel ya shigar da takardunsa na neman shugabanci. Sai a ranar ƙarshe ta rajista, bayan shiga tsakanin Kadinal Jaime Sin, babban limamin Katolika na Manila, aka sasanta. Laurel ya koma mataimaki, Aquino kuma ta amince ta yi takara da tutar UNIDO. Kowa ya ba da wani abu mai tsada a wurinsa.

An yi zaɓe a ranar 7 ga Fabrairun 1986, majalisa ta ce Marcos ne ya ci, amma ma'aikatan tattara sakamako sun fice daga zauren hukumar zaɓe suna zargin maguɗi. Da yake ɗan takarar adawa ɗaya ne, babu gardama kan wanda aka yi wa fashi. Zanga-zangar kwana huɗu a titin EDSA, tare da ɓallewar wasu sojoji, ta sa Marcos ya tsere zuwa Hawaii a ranar 25 ga watan.

Sai dai auren bai yi ƙarko ba. Aquino ta soke muƙamin firaminista da aka ba Laurel bayan wata ɗaya, shi kuma ya ajiye muƙamin ministan harkokin waje a 1987, ya zama ɗaya daga cikin masu sukarta yana kan kujerar mataimaki.

Wadda ta kusa, amma ta rasa

Zaɓen 2004 shi ne misalin da rabuwar kai ta yi aiki kai tsaye. Jam'iyyun adawa uku sun kafa haɗakar KNP don karawa da Shugaba Gloria Macapagal-Arroyo, suka tsayar da Fernando Poe ƙarami, fitaccen jarumin fina-finai da talakawa ke ƙauna, aminin hamɓararren shugaba Joseph Estrada.

Panfilo Lacson, wanda ya fito daga ɗaya daga cikin jam'iyyun haɗakar, ya ƙi janyewa. Sakamakon hukuma ya ba Arroyo ƙuri'a miliyan 12.9, Poe miliyan 11.8, Lacson miliyan 3.5. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un Lacson ba.

Poe ya ƙalubalanci sakamakon, amma ya rasu a watan Disamban shekarar. A 2005 aka fallasa wani faifan murya da aka ji Arroyo tana magana da wani kwamishinan zaɓe kan tazarar ƙuri'unta. Ta fito a talabijin ta nemi afuwa kan kiran wayar, amma ta musanta maguɗi, kuma ta kammala wa'adinta a 2010.

Abin da ke gaban 'yan adawa

UniTeam ma ta bi sahun haɗakar Aquino da Laurel, sai dai tata rushewar ta fi muni. Sara Duterte ta ajiye muƙamin ministar ilimi a watan Yunin 2024. A watan Nuwamba ta faɗa a bainar jama'a cewa ta shirya wanda zai kashe Marcos idan aka kashe ta, daga baya ta ce an juya maganarta. Majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar tsige ta a watan Fabrairun 2025, amma Kotun Ƙoli ta soke matakin a watan Yuli bisa dalilin saɓa ƙa'ida. A ranar 11 ga Maris na shekarar aka kama mahaifinta aka miƙa shi ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Hague.

Kamun bai rage wa gidan Duterte farin jini ba. A zaɓen rabin wa'adi na Mayun 2025, Bong Go, na hannun daman tsohon shugaban, shi ya zo na ɗaya a takarar majalisar dattawa, Rodrigo Duterte kuma ya ci kujerar magajin garin Davao yana tsare. Amma ɓangaren Robredo ma ya farfaɗo. Bam Aquino ya zo na biyu, Kiko Pangilinan na biyar, ita kuma Robredo ta zama magajiyar garin Naga.

Ke nan ƙasar ta rabu gida uku. Marcos ba zai iya sake tsayawa ba, kuma badaƙalar kwangilolin kare ambaliya da ta fito da dubban mutane kan tituna a watan Satumban 2025 ta raunana gwamnatinsa, har ɗan'uwansa Martin Romualdez ya sauka daga kujerar kakakin majalisa. Gidan Duterte yana da 'yar takara da kowa ya sani. Ɓangare na uku, magadan 1Sambayan, yana da sunaye irin su Robredo da Aquino da Sanata Risa Hontiveros.

Zaɓin da ke gabansu ba mai daɗi ba ne. Idan suka tsaya su kaɗai, za su iya raba ƙuri'ar masu adawa da Sara Duterte da ɗan takarar fadar shugaban ƙasa, a maimaita 2016. Idan suka haɗa kai da ɓangaren Marcos, za su samu ƙuri'un arewa da ƙarfin gwamnoni da masu unguwanni, amma za su zauna inuwa ɗaya da gidan da wasunsu suka shafe rayuwarsu suna yaƙa, kuma za su ɗauki kason zargin badaƙalar ambaliya. Matasan da suka bi gida-gida a 2022 na iya ganin an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ke cikin zaɓen ya wuce kujera. Wanda ya gaji Marcos shi zai yanke shawarar ko Filifin za ta ci gaba da bai wa kotun Hague haɗin kai, ko za ta ci gaba da jingina da Amurka a takaddamarta da China, da kuma yadda za a tafiyar da yarjejeniyar zaman lafiya ta yankin Bangsamoro mai rinjayen Musulmi a kudu.

Idan aka bi yadda aka saba, a watan Oktoban 2027 za a buɗe rajistar 'yan takara. Tarihin zaɓukan 1986 da 2004 da 2022 ya nuna abu biyu da za a duba kafin lokacin: ko mutum na biyu mafi ƙarfi a cikin 'yan adawa zai yarda ya sauka, da kuma ko wanda zai sauka ɗin yana da jama'ar da ɗan takarar ba shi da su.