Tsingaron Nok ma tarihi ne

Tun da masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, cikin Jihar Kaduna ta yau, a shekarar 1928, hankalin duniya ya koma kan waɗannan sassaƙe-sassaƙe. Tsingaron tukwane kuwa, wanda ya fi su yawa nesa ba kusa ba, ba kasafai ake waiwayarsa ba. Wannan rashin kula kuskure ne, domin a jikin tsingaro labarin abincin mutanen yake.

Tukunyar ƙasa tana tsotse maiƙon abin da aka dafa a cikinta, ta riƙe shi shekaru dubbai. Da wannan ne masana daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka gwada tsingaro fiye da 450 na Nok, suka bayyana a 2021 cewa sun tarar da kakin zuma a wasunsu, shaidar amfani da zuma kimanin shekaru 3,500 da suka wuce. Wani binciken ya nuna alamun dafa ganyaye a tukwanen. Ƙonannun ƙwayoyin gero da wake, da ƙwallon atili, da duwatsun niƙa da aka samu a kufansu, sun cike sauran hoton: manoma ne masu niƙa hatsi, su haɗa shi da abin da daji ya ba su.

Darajar wannan shaida ta ƙaru saboda ƙasar yankin mai tsami ce, tana cinye ƙasusuwan dabbobi. Idan tsingaro ya salwanta, kusan babu wani mai ba da shaida.

Ga shi kuwa masu haƙa ta ɓarauniyar hanya mutum-mutumi kaɗai suke nema, don shi ke da kasuwa a ƙetare. Suna birkita ƙasa, su watsar da tukwane, alhali tsingaron da aka raba da mazauninsa ya rasa rabin amfaninsa ga mai bincike.

Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haɗa kai da sarakunan yankin wajen tsare kufan gaba ɗaya, gwamnati kuma ta samar wa jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Ibadan na'urorin wannan gwaji. Gero da wake har yau suna ciyar da miliyoyin 'yan Nijeriya. Bai dace a ce sai an kai tsingaro Turai kafin a san yadda aka fara dafa su ba.